Goran Baba Ya Je Taron Bita

Tun ranar da aka koma makaranta ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wannan ta tare ni a ɗakin malamai, wancan a ƙofar aji: "Malama Luba, yaya Argungu? Me aka koyo? An ba da jaka?" An ba da jaka, ga ta can gida na ba 'yata tana zuba takalma. Sauran labarin kuwa ku gyara zama in faɗa muku sau ɗaya, don wallahi duk lokacin da na maimaita shi sai raina ya sake ɓaci.

Kun dai san yadda aka fara. Ana gab da hutun damina aka ce wata ƙungiya za ta horar da malaman tarihi da na zamantakewa kan dabarun aji da kayan koyarwa, kuma kowane malami ya zo da wani tsohon abu daga gidansu wanda za a iya koya wa yara darasi da shi. Ni kuwa uwar zumuɗi, nan aka kama ni. Shekara da shekaru ina ba yara labarin yadda mutanen gulbin Rima suka rayu, ba ni da komai sai alli da bakina. Na ce yau dai zan kai abin da hannu zai taɓa. Sai na nufi Zauro wurin Baba, aron gora.

Ga waɗanda aka haifa a kan kwalta, goran su, wato na kamun kifi, ba irin na fura ba ne. Ƙato ne, hannuwana biyu ba sa zagaye shi, da baki a sama. Mutum ya kifa cikinsa a kan bakin, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa ciki. Na Baba mahaifinsa ne ya shuka shi, ya yi baƙi ya yi sheƙi don shan hannu da ruwa. Baba ya bar sana'ar su tuntuni, amma duk damina in ruwa ya cika fadama, a kan goran nan yake ƙetarawa ya dubo shinkafarsa. Yayana Umaru ya yi faɗa har ya gaji, ya ce tsufa ya zo, a bar wa yara. Ya kawo masa jarka, Baba ya ce shi ba ya kwanta wa roba. Umaru ya ce to a riƙa kai shi a jirgin ruwa, Baba ya ce shi ba buhu ba ne. Magana ɗaya ya yanke mana: ranar da goran ya mutu, ranar zai daina shiga ruwa, ba kafin nan ba. Babu wanda bai san wannan magana ba a gidanmu.

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke Luba, mi za ki yi da gora makaranta? Su za ku koya ma ɗiyan mutane?"

"Nunawa kawai za a yi, Baba. Malamai ne za su gani."

Ya daɗe yana shafa shi kafin ya ce, "Ruwa na tahe. Ki maido min shi kahin hwadama ta cika. Kak ki bari shi sha rana, kak ki bari a zauna mai."

Na ce ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba. Shi da kansa ya naɗe min shi a tsohon zanen Inna.

Rigima tun daga tashar Birnin Kebbi ta fara. Direba ya dube ni ya dubi ƙunshina ya ce, "Hajiya, wannan kaya ne ko fasinja?" Wai zai cusa shi a but ɗin mota, a ƙarƙashin buhunan wani ɗan kasuwa. Na ce sai dai ni a cusa ni. Aka yi ta ja, mota ta cika ana jirana, wata mata tana cewa ita asibiti za ta. Ƙarshe dai sai da na biya wa gora kujera. Shi ya samu gefen taga, ni ina tsakiya, gwiwar wani a haƙarƙarina.

A shingen hanya wani mai kaki ya leƙo, ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙunshin. Ji na yi kamar a kaina ya buga.

"Me ke ciki?"

"Iska, ranka ya daɗe. Amma a yi a hankali, ya girme ka."

Mota ta kwashe da dariya. Sai da ya sa na kwance, ya zura hannu har kafaɗa yana laluben shinkafar waje, bai samu ko tsaba ba, ya ce mu tafi.

Tsakanin ƙasarmu da ta Argungu ba wanda zai tambaye ka takarda, amma za ka san ka ƙetare iyaka, don mutanen can ba sa bari ta wuce shiru. Wani dattijo mai sayar da albasa da ke gaba, wanda tun tasha bai ce uffan ba, sai ya juyo ya gyara hula: "Malama, daga nan kun shigo Kabi ta gaskiya. Ku na Birnin Kebbi ai tsohon gidanmu kuke zaune, aro munka ba ku." Na ce to Baba, in kun tashi karɓa ku fara gyara mana kwatoci. Daga nan har muka isa darasin tarihi yake ba ni, ni da ake biya in koyar da shi. Kuma kowa ka taɓa a garin haka yake. Mai babur ɗin da ya kai ni masauki ma sai da ya tuna min.

Masaukin da aka yi ta kururutawa, ɗakin kwanan ɗalibai ne a wata makaranta da ke hutu. Gadon ƙarfe, katifa kamar tabarma, gidan sauro duk ƙofofi. Sauron Argungu kuwa a ba shi girmansa, namu na nan almajiransa ne a wajen cizo. Da safe kowa ta fito da fuska a kumbure. Abin da ya yi min daɗi a ɗakin shi ne maƙwabciyar gadona, Malama Kulu daga Gulma, doguwa, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai an juyo. Ita mazarin kaɗin auduga na kakarta ta kawo. Wani malami ya zo da takobi, wani da anini mai huda a tsakiya, wani da tsohuwar rediyo. Akwai wanda ya manta sam, ya sayi sabon mafici a tasha ya birkiɗa shi a ƙasa ya ce na kakan kakansa ne. Duk aka jera a kan teburi a bayan zauren taro, goran Baba a tsakiya.

Abinci kuma kada ku tambaya. A ce mutum yana Argungu, gulbi na gudu a bayan gari, ƙamshin kifi na tashi a kowane lungu, amma a miƙo masa sandararriyar shinkafa a roba da nama kamar ɗan yatsa! Wai daga wani wuri aka yi kwangilarsa. Ni da Malama Kulu muka sulale cikin gari muka samu wata mata mai tuwon shinkafa da miyar kifi. Nan kam na sara musu. Mu a nan kifi ɗanɗano ne a miya, su kuwa miyar ce ɗanɗano a kifi. Matar ta ga ina tsince ƙaya da yatsa ɗaya-ɗaya ta ce, "Baƙuwa ce ko?" Su a baki suke rabewa, ƙaya ta fito ta gefe, hira ba ta tsaya ba.

To, sai zauren taro. Babban mai horarwa wani Dokta ne da aka ɗauko daga nesa. Ya zo da majigi, babu wuta. Aka tayar da janareta, ƙararsa ta hana a ji shi. Aka kashe, majigi ya mutu. Haka aka yi ta yi. Da hotunan suka samu fitowa, sai ga wani aji na wata ƙasa, da darduma, yara 'yan kaɗan kowa da kujerarsa mai launi. Ya ce mu riƙa raba yara rukuni-rukuni su zagaye teburi. Malama Kulu ta ɗaga hannu ta ce, "Wane teburi?" Ya ce tambaya ce mai kyau, za a dawo kanta. Har aka tashi taron ba a dawo ba.

Kada in yi masa ƙarya, akwai abu biyu da na ɗauka. Ɗaya, a ɗaura igiya daga bango zuwa bango, yara su rataya abubuwan da suka faru bi da bi, na da can a farko, na jiya a ƙarshe. Na biyu, a fita fili a zana taswirar gari a ƙasa da toka, kowane yaro ya tsaya a unguwarsu. Waɗannan ko a ƙarƙashin bishiya sai a yi. Amma abin da aka fi ɓata lokaci a kai shi ne tafi. Ikon Allah! Akwai tafin ruwan sama, a fara da yatsa ɗaya, a ƙara, a ƙara, har a kece. Akwai tafin jirgin ƙasa. Manya da furfura, wasu da jikoki, an tsayar da mu muna yayyafi da yatsu. Na dubi Malama Kulu, ta dubi rufi.

Mai jagorantar tafin shi ne Malam Nasiru, malami ne kamarmu a nan cikin Argungu, amma ƙungiyar ta ɗora shi kan hidimar taro, ya ce a riƙa kiransa Kodineta. Kwat yake sawa cikin wannan gumin na damina. Ku riƙe sunansa. Ranar da muka iso na gan shi a teburin kaya shi kaɗai. Ya ɗaga goran Baba ta baki da hannu ɗaya, yadda masunta ke yi, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kara kunne, ya ce a hankali, "Kai, wanga ya sha ruwa." Sai ya hango Dokta tafe, ya dire shi, ya koma Turanci.

Da aka zo kaina na tashi na yi bayani. Na ce zan kai gora aji, yara su taɓa, su ɗaga, su yi ta tambaya: wa ya shuka, yaya ake hawa, me ya sa ba ya nutsewa, kafin a yi gada da me ake kai kaya kasuwa? Sannan kowa ya koma gida ya tambayi tsohon gidansu yadda ake ƙetare ruwa a zamaninsa, ya dawo ya ba aji labari. Dokta ya gyaɗa kai ya ce, "Da kyau, Malama. To amma a wane shafi na manhaja gora yake?" Na ce shafin da aka ce sana'o'in gargajiya da sufuri. Ya ce eh, amma abu in ba a sarrafa shi ba, ba a kiransa kayan koyarwa, kayan gida ne kawai. Aka yi min tafin ruwan sama na zauna. Da na san inda maganar nan za ta, da a kan cinyata goran zai ƙare taron.

Washegari aka raba mu biyu. Rukuni ɗaya za a kai su gidan tarihi da bakin gulbi, ɗaya su zauna su ƙirƙiri kayan koyarwa da abin da ke kusa, a ba wanda ya fi kyauta. Ni da Malama Kulu muka faɗa cikin masu fita. Kafin in shiga mota sai da na nemi Malam Nasiru na ce, don Allah ga amanar goran mahaifina, a janye shi daga taga kada rana ta same shi. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Malama, ni fa ɗan masunta ne. A kan gora na koyi ruwa."

Gidan tarihin ya cancanci zuwa, duk wanda bai kai ɗalibansa ba ya cuce su. Ga tambura, ga masu, ga sulke, ga homar kamun kifi irin ta da. Sai dai malaman tarihinmu yawancinsu baya suka ba kayan, suna ɗaukar kansu hoto. A bakin gulbi na ga ruwa ya yi ja ya kumbura, yana tafe da ciyayi. Na ce a raina, yau ko gobe fadamar Zauro za ta cika, Baba na can yana duban hanya.

Da muka dawo bayan azahar, tun daga ƙofa warin fenti ya tare ni. Ana ta tafi a ciki. Na kutsa. A kan teburin Dokta ga wani ƙaton ƙwallon taswirar duniya, irin wanda muke ce wa gulob, shuɗi shar, an zana Afirka da rawaya, an soke shi da rodi ya ɗan karkata a kan katako. Har na fara cewa kai, waɗannan sun iya. Sai idona ya sauka a kan bakin da ke sama, inda rodin ya shiga. Na san wannan bakin. Tun ina rarrafe na san shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ture mutane na leƙa ƙasansa. Sun huda gindin, rodi ya fita ta nan. Daga hudar kuma tsaga ta tafi sama kamar tsawon hannu, sun liƙe ta da gam da takarda sun bi da fenti.

Na ce, "Wa ya yi wannan?"

Malam Nasiru ya matso yana murmushi, hannunsa duk shuɗi. "Malama, albishirinki, rukuninmu ne ya zo na ɗaya, kuma da sunanki za a rubuta. Ai daraja aka ƙara masa. Da gora ne kawai, yanzu ya zama kayan koyarwa."

Dokta na gefe yana ta ɗaukar hoto, yana cewa wannan shi ne abin da yake nufi tun jiya, za a sa shi a bangon rahoto. Da ya ga fuskata sai ya ce in kwantar da hankali, gora ai ko'ina akwai, za a saya min wani a kasuwa.

Shi ban ma tsaya kansa ba. Bai sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Wanda na juya wa shi ne mai kwat. Na ce, "Malam Nasiru, kai da ka koyi ruwa a kan gora, faɗa wa Dokta abin da ke samun mutum in ya kwanta a kan wanda aka huda, a tsakiyar gulbi. Faɗa masa mana, da Turancin ma in ka ga dama." Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ya ce wai da ƙusa suka fara a hankali, shi ne ya ɗan tsage. Ya ɗan tsage! Na ce tir da wannan ilimi. Na ce da baƙo ne ya yi da na ce rashin sani, amma kai ka ƙwanƙwasa shi ka ji muryarsa, sannan ka ɗora masa ƙusa don a yi maka tafin ruwan sama. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a ɗakin malamai ba.

Wai kuma 'yan ƙungiyar za su riƙe goran su kai ofishinsu a ajiye don baƙi. Malama Kulu ta je ta dafe goran, ta zare rodin, ta jefar a gaban Dokta ya yi ƙara. Ta ɗauko zanen Inna muka naɗe. A ɗaki na ce mata ko a kai wa masu ɗinkin ƙwarya? Ta ce, "Luba, kada ki yaudari kanki. Za a ɗinke a zuba hatsi. Amma ke za ki yarda tsohonki ya hau shi?" Nan na zauna a bakin gadon ƙarfe na yi kuka mai isata.

Ban tsaya bikin rufewa ba, takardar shaidar ma a hannun wani aka aiko min. Hanyar dawowa ban san yadda ta wuce ba. Ban sauka gidana ba, kai tsaye na wuce Zauro. Tun daga kan hanya na ga fadama ta yi fari fat, ruwa ya shigo. Baba na zaune a ƙofar gida a kan turmi, ya riga ya sa gajeren wandonsa na shiga ruwa.

"Kin iso? Madalla. Tun jiya nike duban hanya."

Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabansa. Ya kwance zanen. Ya daɗe yana kallo. Bai tambaye ni wa ya yi ba. Ya juya shi, yatsansa ya sami hudar, ya bi tsagar a hankali har inda ta tsaya, takardar tana ɓarewa a ƙarƙashin farcensa.

"Wanga shuɗin fa?"

"Teku ne, Baba. Duk ruwan duniya ne aka zana."

"To ina gulbinmu?"

Na juya goran, na sake juyawa. Na san babu, amma na yi ta nema.

"Ba su sa ba, Baba."

Ya ce, "To." Ya mayar da zanen ya naɗe da kansa, ya ƙulle yadda ya ƙulle ranar da ya ba ni, ya turo min. "Kai ma ɗiyan makaranta. Nan ba shi da sauran aiki." Ya tashi ya shiga gida ya sake wando.

Yaya Umaru ne ya raka ni bakin hanya. Muna tafe ya ce, "Luba, Allah shi yi miki albarka. Abin da ya gagare mu shekara da shekaru, ke kin yi shi a tafiya ɗaya." Da gaske yake, har cikin ransa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Goran yana nan a kan kabad a ajina, duk kun gan shi, wasunku har sun yaba. Shugaban makaranta ya ce in masu duba makarantu sun zo a sauko da shi. To ga abin da aka koyo a Argungu, tunda kuna son ji.

Ranar Juma'ar da ta wuce na koma Zauro. Ban sami Baba a gida ba, aka ce yana bakin ruwa. Na same shi tsaye, ya naɗe ƙafar wando, ruwa iya idon sawu, ya sa hannu ya kare rana yana hangen wajen gonarsa. Jirgin su Yaya Umaru na dawowa daga can. Tun kafin su iso gaci ya ɗaga murya, mutumin da tunda nake ban taɓa jin ya tambayi wani labarin gonarsa ba:

"Umaru! Shinkahwar ta yi ciki?"